Azumin Da Dennis Ya Yi Ta Yi Mini Daƙuwa

Azumin bana ya sake faɗowa tsakiyar bazarar Ingila, lokacin da rana ke fitowa kafin ka gama lumshe ido, ta kuma ƙi faɗuwa sai ta ga ƙarshen haƙurinka. Jiya bayan la'asar ina kishingiɗe a falo, tagogi duk a buɗe, maƙogwarona ya bushe ƙamas, sai motar mai sayar da askirim ta shigo layinmu na Lewisham tana 'yar waƙarta. Ban san sa'ad da yatsuna suka fara bin ta a kan cinyata ba. Matata Zulai ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Alhaji, kiɗa da azumi a bakinka?"

"Ba kiɗa nake ba, lissafi nake. Ɗaya, huɗu, biyar."

"To, Dennis ya dawo ke nan," in ji ta, ta koma wurin tukunyarta.

Rabon da azumi ya same mu a irin wannan zafi tun farkon shekarun tamanin. A lokacin ni ɗalibi ne, saurayi mai siririn wuya, ina kwana a kan doguwar kujera a flat ɗin wana, Yaya Shehu, a Plumstead. Kuɗin karatun da ake aiko mana daga gida ya tsaya cak, ba wanda ya ce mana ga dalili. Yaya yana karatun akanta da rana, yana gadin wani sito da dare. Matarsa, Anti Rabi, tana da tsohon ciki. Ni kuwa ba abin da nake tsinana wa gidan sai cin abinci da tsawon ƙafa, har ranar da na ga sanarwa a gilashin wani kanti cewa ƙungiyar makaɗan kantiri tana neman mai buga kibod.

Kantiri dai shi ne kiɗan nan na makiyayan Amurka masu malafa, wanda gidan rediyo ke sa mana ran Lahadi da rana tun muna yara. Rabin mutanen Funtuwa sun haddace shi ba tare da sun san me ake cewa ba. A kwalejin horon malamai da na yi akwai wani tsohon fiyano a zauren taro, haƙoransa biyu sun fita, a kansa na koya wa kaina bin waƙoƙin nan da kunne. Ban taɓa sanin ana rubuta kiɗa ba, balle a ce yana da lamba. In na ji, hannuna ya je wurin, shi ke nan ilmina.

Mai ƙungiyar sunansa Dennis, Bature ne ƙato mai jan wuya, makanikin bas. A garejin gidansa da ke Abbey Wood ake gwaji. Yana sa malafa da takalmin sau-ciki mai tsini, amma bai taɓa zuwa Amurka ba, kuma na tabbata bai taɓa hawa ko jaki ba. Ya ji na buga waƙa biyu, ya ce Aliyu ya yi masa tsawo a baki, daga yau sunana Al. Ya ce akwai babban wasa da za su yi a bikin unguwa a wani fili, ƙarshen wata, in na tsaya da kyau kujerar tawa ce har abada. Kafin nan kuma akwai ƙananan wasanni na ranar Asabar a gidajen tsofaffi da zaurukan ma'aikata, ana ɗan samun na cefane.

Da na gaya wa Yaya, sai da ya daɗe yana kallon silin.

"A gidanmu ba a gaji kiɗa ba," ya ce. "In Inna ta ji ɗanta ya zama maroƙin Turawa, hawan jininta zai tashi."

"Maroƙin Turawan ne zai sayo mana nama," in ji Anti Rabi. "Ka bar mini ƙaramin mijina ya je, ni dai a kawo kaza."

Haka aka bar maganar, ba a ce eh ba, ba a ce a'a ba. Kwana kaɗan bayan nan aka ga wata.

Ban taɓa yin azumi irin wannan ba. A gida ka san iyakar wahalarka, rana za ta gasa ka, amma tana da mutunci, lokacinta na yi za ta tafi. A nan kuwa sahur da shan ruwa kusan gaisawa suke yi. Ka sha ruwa, ka yi isha, ka ɗan runtsa, sai Anti Rabi ta taɓa ƙafarka ta ce alfijir ya kusa. Gidajensu kuma an gina su ne don su riƙe ɗumi, saboda haka da zafin ya zo sai ya shiga ya zauna, ya ƙi fita. Kwalta tana narkewa tana kama takalmi. Cikin bas warin gumi da taba. Maƙwabta sun tuɓe riguna suna gasa nama a bayan gida, hayaƙin yana shigo mana ta taga tun azahar. Da yamma, lokacin da a Funtuwa an daɗe da yin asham, mu muna tsaye a taga mu uku muna kallon rana a saman bututun hayaƙin gidaje, yara suna ta ƙwallo a titi, ita kuwa ko gezau.

Abincin ma sai dabara. Babu gero, babu tsamiya, sai Anti Rabi ta dama kunu da garin oats ta matse lemon tsami a ciki, mu sha mu ce kunun tsamiya ne. Tuwo na garin shinkafa. Kukar da aka kawo daga gida ta kusa ƙarewa, da ƙaramin cokali ake auna ta. Aikina kullum bayan la'asar shi ne ɓare wake don ƙosai. A jiƙa shi a babbar roba, in zauna a ƙasa in yi ta murza shi ina tsame ɓawon, Yaya yana yanka albasa da idon barci, Anti Rabi tana zaune a kujera ta miƙe kumburarrun ƙafafunta tana ba mu umarni. In Asabar ta yi kyau, in biya wurin mahaucin nan ɗan Pakistan in sayo fikafikan kaza. In ba ta yi kyau ba, a ci ƙosai da haƙuri.

A cikin wannan hali ne Dennis ya fara zagin uwata.

Ranar farko muna tsakiyar waƙa a gareji, shi yana riƙe da makirfo a hannun dama, sai ya juyo gare ni, ya buɗe tafin hannun hagunsa, yatsu biyar a ware, ya turo mini su saitin fuska. Daƙuwa sosai, irin wadda direban tasha ke yi in an sha gabansa. Kuma yana murmushi. Na duba mai ganga, na duba mai gita, ba wanda ya ko ɗaga kai. Na ce watakila idona ne, yunwa tana sa mutum gane-gane. Ba a yi nisa ba ya sake. A waƙa ta gaba ya yi mini sau da yawa har na daina ƙirgawa.

Na koma na zauna ina nazarin abin kamar darasi. Na lura wani lokaci yatsa ɗaya yake ɗaga mini, na ce wannan kashedi ne. Wani lokaci huɗu, babban yatsa a naɗe, na ce wannan daƙuwa ce da ba ta gama nuna ba. Sai kuma cikakkiyar ta biyo baya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ban ga laifin da nake yi ba. In na buga daidai, daƙuwa. In na yi kuskure, daƙuwa. Ana tashi kuma sai ya ɗauki kibod ɗin da kansa ya sa a motarsa, ya kai ni har ƙofar gida, ya ajiye sigarinsa bai kunna ba saboda na ce masa ina azumi.

Ana haka wani baƙo ya zo daga gida ya ce ya baro Inna a kwance, jikin ya yi tsanani. Na je gwaji ranar idona jawur, Dennis ya tambaya, na gaya masa. Tun daga nan, duk ranar da muka haɗu, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "How's your mum, Al?" Mutumin da zai yi mata daƙuwa nan da ɗan anjima. Na rasa inda zan sa wannan tambaya, gaisuwa ce ko ƙarin gishiri.

Na kai ƙara wurin ɓare wake.

"Haƙorin dariya shi ke cizo," in ji Yaya. "Mutanen nan haka suke, su yi maka smile su yanka ka. Ka bar aikin, Allah na nan."

"Allah na nan, amma gas bill ma yana nan," in ji Anti Rabi. "Kai Aliyu, ka tabbata Bature ya san daƙuwa? Ina ya koya?"

"Anti, makanikin bas ne fa. Da direbobi yake aiki."

Ta gyaɗa kai, don wannan hujja ce mai ƙarfi. Can ta ce in tambaye shi mana, matambayi ba ya ɓata. Amma ta yaya ake tambayar mutum dalilin da ya sa yake zagin uwarka? Turancina na littafi ne, nasa kuwa rabin haruffan a maƙogwaro yake haɗiye su. In na tambaya ya ce eh, zagi ne, to dole in yi wani abu, kuma abin da zan yi zai raba mu da kazar Asabar, ga mace mai ciki a gida. In na yi shiru, na sayar da mutuncin Inna da fikafikan kaza, tana can kwance ba ta sani ba. Kullum da wannan nake kwana. Sai in tuna an ce mai azumi in an zage shi ya ce shi mai azumi ne. Haka na riƙa yi. Dennis ya turo yatsu biyar, ni kuma in ce a hankali, "Ina azumi," hannuna yana ci gaba da aikinsa. Mai ganga ya ɗauka amshi nake yi, har ya ce muryata ba laifi.

Ranar babban wasan ta faɗo cikin goman ƙarshe, ranar Lahadi, da tsakar rana. Tun safe iska ta tsaya, sama ta yi fari fat, ciyawar filin ta ƙone ta zama ruwan ƙasa. An kafa mana dandamali a bayan wata babbar mota, ba rumfa. Jama'a sun cika filin, jajaye kamar an yaɓa musu manja, kowa da abin sha mai sanyi a hannu. Daidai gabana wata tsohuwa tana lasar askirim yana gangaro mata a gwiwar hannu, na kasa ɗauke ido daga kansa. Dennis ya sa mini malafa, ya ce ta yi mini kyau. Haƙoran kibod ɗin sun yi zafi har suna ƙona yatsa. Leɓena ya tsage, harshena ya yi nauyi, kuma da safen nan Yaya ya dawo daga rumfar waya bai samu layin gida ba.

Waƙa ta farko da ta biyu na daure. A ta uku, wata mai sanyi ce a kan mutumin da ya bar garinsu, Dennis ya juyo ya buɗe mini yatsu biyar, bai kuma sauke ba. Ya riƙe su a sama, yana girgiza su, a gaban duk mutanen nan, yana lumshe ido don daɗin muryarsa. Na ga fuskar Inna a kan tabarma. Tura ta kai bango. Na ɗauke hannuwana biyu daga kan kibod, na miƙe tsaye, na ware yatsu goma na watsa masa su da duk ƙarfin da azumi ya bar mini.

Na jira ya jefo mini makirfo. Sai na ga ya tsaya yana kallon hannuwana, baki a buɗe, yana ƙirgawa. Ya dubi mai gita, mai gita ya ɗaga kafaɗa. Can fuskarsa ta washe kamar wanda ya gano amsar kacici-kacici. Ya ɗaga hannu ya tsayar da sauran makaɗan, ya ce wa jama'a, "Ga Al nan, daga Najeriya, ya ce mu ba shi fili."

Filin ya yi tsit. Ni kaɗai a tsaye, da malafa, da yatsu goma a sama. Na koma na zauna. Kaina babu komai, waƙar da muke yi ma ta gudu. Abin da ya zo hannuna shi ne wata 'yar waƙa da Inna ke yi a kan dutsen niƙa, wadda ba ta da suna, ban ma san na riƙe ta ba. Na buga ta da fushi, sannan fushin ya ƙare na buga ta haka nan. Ban ankara ba na ji mai ganga ya shigo a hankali, mai gita ya bi shi, ta zauna cikin kiɗansu daram kamar don shi aka yi ta. Da na gama jama'a suka yi ta tafi da fito, tsohuwar nan ta yar da askirim ɗinta don ta samu hannun tafi. Ni kuwa hawaye nake, ina tsoron kada ya shiga bakina.

Ba mu kai ƙarshen wasan ba hadari ya taso daga wajen kogi, baƙi ƙirin, aka tsuge da ruwa. Muka kwashe kaya a guje. Na tsaya a cikinsa na ɗan lokaci, baki a rufe gam, ina jin sanyinsa yana ratsa rigata, ƙamshin ƙasa yana tashi kusan irin na gida.

A cikin mota, ruwa yana dukan rufi, Dennis ya goge fuska da malafarsa ya dube ni. Da Turanci muka yi maganar, amma ga yadda ta kasance.

"Al, abin ya yi kyau. Amma mene ne goma? Shekara da shekaru ina kiɗa, ban taɓa jin goma ba."

"Kai za ka fara gaya mini mene ne biyar."

"Biyar ai biyar ce." Ya ga ban gane ba, sai ya ɗaga yatsa ɗaya. "Kiɗan nan ɗaki uku gare shi. Ɗaya, kana gida. Huɗu, ka fita ƙofa. Biyar, ka yi nisa, kana neman hanyar komawa. Na ga ba ka karanta takarda, shi ya sa nake nuna maka inda za mu. Kuma kullum kana zuwa daidai."

"Kunnena ne ke kai ni."

"To me ka ɗauka nake cewa?"

Na gaya masa. Na nuna masa yadda ake yi, da abin da ake faɗa tare da shi, da wadda ake nufi. Na ga jan wuyansa ya hau har kunnuwa. Ya dubi tafin hannunsa kamar ba nasa ba.

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko."

"Kuma tana kwance ba lafiya." Ya dube ni. "Kai kuma ka rama da biyu."

"Ɗaya taka, ɗaya ta kakarka."

Dariyar da ya yi sai da motar ta girgiza, sannan ya tsaya, ya ce in gaya wa mahaifiyata Dennis na Abbey Wood yana ba ta haƙuri. Rashin sani ya fi dare duhu. Amma ko a ranar ban samu natsuwa ba, don na shiga wani sabon lissafin: shi bai zage ni ba, ni na zage shi, da azumi a bakina, kuma zagin ne ya ba ni kujerar. Na tambayi Yaya matsayin azumina na ranar, ya ce shi akanta yake karanta.

Inna ta tashi daga wannan ciwo. Da na je gida bayan shekaru na ba ta labari, ba ta ce komai a kan kiɗan ba, tambaya ɗaya ta yi, ko na rama mata. Na ce da hannu biyu. Ta ce to madalla.

Na zauna da ƙungiyar nan fiye da shekara goma. Mun yi wasa a garuruwan bakin teku, mun yi a bukukuwan aure, mun cika kaset guda da ba wanda ya saya sai danginmu. Waƙar niƙan Inna ta zama abin rufe kowane wasa. Dennis kuwa tun ranar motar nan bai sake buɗe mini tafin hannu ba. In za mu biyar, sai ya dunƙule hannu ya ɗaga. Sabbin makaɗa suna tambayar dalili, ya ce su tambayi Al.

A tsakiyar shekarun casa'in azumi ya zagayo cikin hunturu, gajeren yini, duhu tun kafin yara su taso daga makaranta, azumin da ko yunwa ba ka gama ji ba an sha ruwa. A cikinsa matar Dennis ta bugo waya ta ce ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Na je asibiti da rana, ana yayyafi mai haɗe da ƙanƙara, na tafi da ƙaramin kibod na yara a cikin jaka. Na tarar da ƙaton nan ya zube, ba malafa, kansa ashe duk sanƙo ne. Nas ta ce in buga a hankali.

Na ɗora kibod ɗin a kan teburin gado na fara waƙar Inna. Idonsa yana kaina. Da na iso inda waƙar ke yin nisa, sai hannunsa na hagu ya motsa a kan bargo, ya ɗago da ƙyar, ya buɗe yatsu biyar tar a fuskata. Rabin bakinsa mai rai ya karkace. Ya san abin da yake yi sarai. Na yi dariya har na kifa kai a bakin gadon, matarsa tana kallonmu ba ta san me ake ciki ba.

Da na ɗago, hannun yana nan a sama. Sai ya fara naɗe yatsun, ɗaya bayan ɗaya, har saura manuniya. Ya riƙe ta a tsaye tana rawa, yana kallona.

Ɗaya, a wurinsa, gida ne, nan waƙa ke komawa ta ƙare. Amma ni inda na fito, in mara lafiya ya ɗaga wannan yatsa a kan gado, wani abu ne daban, kuma na gefensa ya san abin da zai faɗa masa. Dennis ya sha ganina ina salla a bayan mota, ya taɓa tambayata me yatsan ke nufi, na kuma gaya masa. Na zauna a nan, shekara goma sha wani abu bayan filin nan, na sake rasa me hannun mutumin nan ke ce mini. Sai na danna ɗaya da hannun dama, bakina kuma ya yi abin da ya saba. Ya sauke yatsan ya rufe ido, ya yi barci. Bai kai ƙaramar salla ba.

Zulai ta ce kiɗa yake nufi, kada in wahalar da kaina. Yaya Shehu ya ce Allah ne masani. Ni dai har yau ban sani ba, kuma ina kewarsa.

Motar askirim ɗin jiya a kan biyar ta katse waƙarta, don yaran layi sun tsayar da ita. Na jira ta ƙarasa, ba ta ƙarasa ba. Na sauke ta gida a kan cinyata, sannan na tashi na je taya Zulai ɓare wake.